Kalmar "Crash": Asalinta da Yaɗuwar Ma'anoninta

A cikin kalmomin Ingilishi da ke nufin fashewa ko rugujewa da ƙarfi, da wuya a sami wadda ta yi rassa kamar crash. Ma'aikacin gwamnati yakan gamu da ita a takardar ofis, ɗalibin tattalin arziki a littafin karatu, ɗan sanda kuma a rahoton haɗarin mota, kowannensu kuwa da ma'anar da ya san ta da ita. Wanda ya riƙe ma'ana ɗaya tak, ya ɗauka ita ke nan, to, ranar da aka ba shi fassara zai yi ɓarna.

Kalmar ta fara bayyana a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 14, da ma'anar farfasa abu da babbar ƙara. Ba a samo ta daga Latin ko Girkanci ba, kamar yadda aka samo rupture da fracture. Galibin masu ƙamus sun tafi a kan cewa kwaikwayon sauti ce, watau an ji ƙarar abin da ya tarwatse, baki ya maimaita. Tana da maƙwabta biyu da ake jin sun taimaka wajen ƙera ta. Ɗaya ita ce crack, wadda ta zo daga cracian ta Tsohon Ingilishi, mai nufin yin ƙara. Ɗayar kuwa craze, wadda a da ke nufin tsattsaga abu. Daga gare ta ne aka sami crazy, wadda a ƙarni na 16 ke nufin abin da ya tsattsage ko ya yi rauni, kafin ta koma kan mai taɓin hankali.

Ƙarshen kalmar ma abin lura ne. Ingilishi na da jerin kalmomi masu ƙarewa da -ash, kamar bash da clash da dash da slash da smash da splash, kusan dukkansu kuwa bugu ne ko motsi mai ƙarfi wanda sautinsa ke watsuwa. Masanin harshe ɗan Ingila, J. R. Firth, ya yi magana a kan irin wannan gungun sauti mai ɗauke da ɗanɗanon ma'ana a 1930. Wannan ya ɗan saɓa wa koyarwar Ferdinand de Saussure, wadda aka buga a 1916, cewa babu wata dangantaka ta dole tsakanin sautin kalma da abin da take nufi. Maganar Saussure gaskiya ce ga mafi yawan kalmomi, amma Bahaushe, mai arzikin amsa-kama, ba zai sha wuyar gane inda ta gaza ba. Ko baƙon da bai ji Hausa ba, in aka ce masa ragargaza ko kwankwatsa ko rugurguza, ya san ba lallashi ake nufi ba.

Daga ƙarar kwanuka da bishiyoyi, kalmar ta shiga kasuwa a farkon ƙarni na 19, inda ta zama sunan durƙushewar kamfani ko banki farat ɗaya. Ba Ingilishi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Jamusawa sun kira faɗuwar kasuwar hannun jari ta Biyana, ran 9 ga Mayu 1873, da suna Krach, ita ma kalmar ƙara ce, Faransawa kuma suka are ta suna amfani da ita. Amma abin da ya kafa wannan ma'ana daram shi ne abin da ya auku a Niyu Yok a watan Oktoba 1929. Ran Alhamis 24 ga wata an yi cinikin hannun jari kusan miliyan 13 cikin firgita, ran Talata 29 ga wata kuma fiye da miliyan 16. Ma'aunin Dow Jones, wanda ya kai 381 a watan Satumba na shekarar, ya yi ta gangarowa har ya tsaya a 41 a watan Yuli 1932. A nan sunan ya ɗan yi yaudara, domin kalmar na nuna faɗuwa ta lokaci guda, alhali kuwa ɓarnar ta ɗauki kusan shekara uku tana ci. Har manomin gyaɗa a ƙasar Kano ya ji a jikinsa, sa'ad da farashi ya karye a shekarun 1930. Faɗuwar ran 19 ga Oktoba 1987 ta fi dacewa da sunan, don a yini ɗaya ma'aunin ya zubar da kashi 22.6 cikin ɗari.

Ma'anar da aka fi sani yau, watau karon mota ko faɗuwar jirgin sama, ta zo ne da zuwan injunan kansu a farkon ƙarni na 20. Daga nan aka sami crash helmet, hular kwano ta mai babur. Kwamfuta ma ta sami rabonta. A cikin na'urar ajiya mai faifai, allurar karatu tana shawagi ne a kan ɗan siririn iska bisa faifan da ke juyawa, in kuwa ta taɓa shi sai ta kankare abin da aka ajiye. Wannan karo ne na zahiri. Amma ana amfani da kalmar har ga manhajar da ta tsaya cik, ba ƙara, ba abin da ya fashe.

Inda kalmar ta fi rikitar da mai fassara shi ne wurin da ta bar fashewa baki ɗaya, ta riƙe gaggawa kawai. Mayaƙan ruwa suna kiran nutsewar gaggawa da jirgin ƙarƙashin teku ke yi don tsere wa hari crash dive. A tsakiyar ƙarni na 20 kuma aka fara jin crash programme da crash course, watau aiki ko karatun da aka matse cikin ɗan lokaci. Ma'aikatan ilmi na Nijeriya sun san wannan suna ƙwarai. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba 1976, yaran da suka fito sun zarce abin da aka yi tsammani, malaman da ke ƙasa kuwa ba su isa ba, sai aka dogara da horon gaggawa mai wannan suna. Wanda ya fassara shi da "shirin rushewa" ya yi kuskure, daidai ita ce "shirin gaggawa". Sai dai masu sukar ingancin malaman da aka yaye a gurguje sun sami abin zolaya a cikin sunan, domin tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba.

Akwai kuma ma'anoni na maganar yau da kullum. A Amurka ta shekarun 1920 aka fara kiran mai kutsawa biki ba gayyata gatecrasher, kamar wanda ya banke ƙofa, shi ne ɗan gayyar soɗi a Hausa. Samari kuma sukan yi amfani da crash su nufi zubewa a yi barci don gajiya, ko kwana a ɗakin aboki ba shiri.

Wata crash ɗin kuwa ba 'yar gidan ba ce sam. A tsofaffin takardun odar kaya akan ga kalmar a matsayin sunan wani yadi mai kaushi na lilin ko auduga, wanda ake yin tawul da labule da shi. Wannan ta shigo Ingilishi ne a farkon ƙarni na 19, masu ƙamus kuma suna danganta ta da kalmar Rashanci krashenina, watau rinannen lilin. Rubutu ɗaya ne, furuci ɗaya, amma asali daban, shi ya sa ƙamus mai kyau yakan ba ta gurbi nata na dabam a ƙarƙashin ta farko.