Adon Gida a Bikin Diwali: Yumɓu da Ganye Sun Fi Roba Lafiya

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san daren Diwali, lokacin da ake jera ƙananan fitilu a bakin ƙofa da kan katanga, a ƙawata dandamali da zane mai launi. Biki ne na mabiya addinin Hindu, ana yin sa kwana biyar tsakanin Oktoba da Nuwamba. Sai dai da gari ya waye, birane da yawa kan tashi da tulin shara da hayaƙi, kuma wani ɓangare na wannan ɓarna daga kayan adon gida yake fitowa.

A da, da abin da ke kusa ake ado: yumɓu, ganye, fure da garin shinkafa. Yau kasuwa ta cika da furen roba, ƙyalƙyali, garin launi na sinadarai, da farin soson nan da ake tallafe kayan lantarki da shi a cikin kwali. Suna da araha, amma ba sa ruɓewa. In an zubar su toshe kwata, in an ƙona su fitar da hayaƙi mai cutar da huhu, shanun da ke yawo a titi kuma su haɗiye su. Wannan ya sa jihar Maharashtra ta haramta wasu daga cikinsu a 2018, sannan daga 1 ga Yuli, 2022, gwamnatin Indiya ta hana wasu kayan roba masu amfani sau ɗaya, har da wancan soson na ado.

Wasan tartsatsin wuta ma na ƙara dagula lamarin. A Delhi, bikin kan zo daidai lokacin da manoman Punjab da Haryana ke ƙone karan shinkafa, ga sanyi yana danne hayaƙi ƙasa. Masu asma da yara da tsofaffi su ne ke ɗanɗana kuɗarsu. A 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta taƙaita harba su zuwa tsakanin ƙarfe 8 da 10 na dare.

Mafita ba ta da tsada. Fitilar yumɓu da suke kira diya ɗan kasko ne da lagwanin auduga, ana zuba mata man mastad ko man shanu. Wadda ba a shafa wa fenti ba ita ce ta fi, domin ana wanke ta a ajiye sai baɗi, in ta fashe kuma ta koma ƙasa. Sayenta yana rayar da maginan tukwane irin na unguwar Kumbharwada a Mumbai. A dai nisanta ta da labule da hannun yara, kada a kwanta a bar ta tana ci. Inda ake son hasken lantarki, ƙwan LED ba ya cin wuta da yawa.

Zanen ƙasa, wato rangoli, ana iya yin sa da garin shinkafa don fari, kurkum don rawaya, da lalle ko busasshen ganye don kore. A jihar Tamil Nadu mata na yin irinsa kowace safiya da garin shinkafa, tururuwa da tsuntsaye su cinye. Ga ƙofa kuwa, a sarƙa ganyen mangwaro da furen marigol a zaren auduga. Tsohon sari ko takarda sun isa yin fitilar ratayawa.

Haka batun yake a bikin Ganesh, wanda ya fi armashi a Mumbai da Pune, inda ake nutsar da gumaka a ruwa a ƙarshen biki. Waɗanda aka yi da POP, irin wanda muke yin silin da shi, suna daɗewa ba su narke ba, fentinsu kuma kan ƙunshi zaiba da dalma, kuma dalma ce gubar da muka ga ta'adinta a kan yaran Zamfara a 2010. A 2020 hukumar yaƙi da gurɓata muhalli ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin da suka hana amfani da POP wajen wannan aiki. Iyalai da dama sun koma na laka zalla, su narkar da shi a bokiti a gida, su ba shuka ruwan.

Bayan biki, fure da ganye su tafi ramin taki maimakon kogi. A Kanpur har turaren tsinke ake yi da furannin da aka tattaro daga wuraren bauta.

Indiyawa mazauna Kano da Legas ma suna bikin Diwali, kuma kwatocinmu ba su da ƙarfin ɗaukar ƙarin roba. Don haka kafin a sayi kayan ado, na Diwali ne ko na suna da aure, a fara duba ko za su sake amfani baɗi ko za su ruɓe su zama taki. In babu ko ɗaya, a bar wa mai shago kayansa.