Soson da ke tsare inji daga ƙurar hunturu

Duk wanda ya taɓa share tebur da safe a lokacin hunturu, ya dawo da rana ya tarar an sake lulluɓe shi da farar ƙura, ya san aikin iskar nan. Mu mukan rufe hanci da ƙyalle. To inji fa, da me yake rufe nasa hancin? Wannan makon mun duba wani ɗan soso da ba a cika kula da shi ba, alhali ran inji yana hannunsa.

Misalin da muka ɗauka shi ne babur mai ƙafa huɗu, wanda ake shiga jeji da rairayi da gona da shi. Kamfanin Honda na Japan ya fito da irinsa mai ƙafa uku a 1970, sannan Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu a 1982. An daɗe ana ganinsa a tseren Dakar har zuwa 2024, tseren da karonsa na farko a 1979 ya ratsa Agadas da Yamai, kuma tun 2020 ake yin sa a Saudiyya. Babur ɗin da aikinsa ke nan, shiga ƙura, shi ya fi kowa bukatar matatar iska mai kyau. Kuma irin soson nan ne a cikin ƙananan janareta da babura da dama da ke gidajenmu.

Bari mu yi ɗan lissafi. Domin fetur ya ƙone sarai, inji yana bukatar kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo ɗaya na fetur. Lita ɗaya ta fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, kusan kashi uku cikin huɗu ce. Idan kuka buga, za ku ga inji yana shaƙar iska kimanin lita 9,000 kafin ya ƙone lita ɗaya ta fetur. Duk ƙurar da ke cikin wannan iska, ciki take son shiga.

Ƙurar kuwa ba gari ba ce mai laushi kamar yadda ido ke gani. Yawancin wadda hunturu ke kawo mana tana tasowa ne daga Sahara, musamman kwarin Bodele a arewacin Chadi, kuma a cikinta akwai ɓarɓashin yashi mai tsananin tauri. Idan ya shiga inji, sai ya gauraya da mai ya riƙa goge fistin da zobbansa da bangon silinda kamar ana wasa wuƙa a dutse. Sannu a hankali ƙarfin inji ya ragu, ya fara shan baƙin mai yana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi. Daga nan sai sauke inji, kuma kuɗin wannan aiki ya ninka kuɗin soso sau da yawa.

Ga sirrin da mutane da yawa ba su sani ba: busasshen soso ba ya tare ƙananan ƙura. Ramukansa sun fi ƙwayar ƙura girma. Man da ake shafa masa mai danƙo shi ne tarkon. Iska tana bi ta ramukan tana karkacewa, ƙura kuma tana manne wa man. Shi ya sa wasu sosayen suke da hawa biyu, na waje mai manyan ramuka, na ciki mai ƙanana.

Yaya ake wanke shi? Da farko a kashe inji a bar shi ya huce. A mafi yawan waɗannan babura akwatin iska yana ƙarƙashin kujera. A buɗe, a zare soson a hankali kada dattin ya zube ciki, sannan a toshe bakin bututun da ke zuwa inji da tsumma mai tsabta, a goge cikin akwatin.

Na biyu, a narkar da tsohon man da ruwan wanki na musamman da ake sayarwa don haka, ko kananzir idan littafin babur ɗin ya yarda. Kada a yi amfani da fetur. Yana kama wuta nan take, kuma yana cin gam ɗin da ya haɗa soson. Bayan haka a wanke da sabulu da ruwa mai ɗumi, a ɗauraye har ruwan ya fito fes. A matse shi tsakanin tafukan hannu, kada a murɗa shi kamar wankin riga, domin yagewa zai yi.

Na uku, a shanya shi a inuwa har ya bushe ƙarau. Mai ba ya kama jiƙaƙƙen soso. Idan ya bushe, a ɗaga shi wajen haske. In an ga huda, ko yana marmashewa a hannu, kwanansa ya ƙare, sai sabo.

Na huɗu, a sa shi a leda, a zuba man matatar iska, a riƙa mulmulawa har ko'ina ya samu, sannan a matse rarar. Mai ya yi yawa, iska ba za ta wuce ba: fetur zai rinjayi iska, baƙin hayaƙi ya fito, filogi ya yi baƙi. Tsohon baƙin mai da aka juye daga inji kuwa ba shi da gurbi a nan, don shi kansa cike yake da datti.

Daga ƙarshe a shafa ɗan giris a bakin soson inda yake haɗuwa da akwati, don kada ƙura ta samu kafa ta gefe. A cire tsumman nan, kada a manta da shi, a mayar da soson ya zauna daram, a rufe.

Sau nawa za a yi? A lokacin ƙura, a duba shi bayan kowace doguwar fita. Amma a lura, wasu injuna matatarsu ta takarda ce, kuma ita ba a wanke ta, ba a sa mata mai, sauyawa ake yi.

Wata magana kuma da ta shafe ku kai tsaye: kamfanonin da ke ƙera manyan babura masu ƙafa huɗu suna rubuta gargaɗi a jikinsu cewa wanda bai kai shekara 16 ba kada ya tuƙa, domin suna kifewa, kuma nauyinsu yana iya danne mutum. Gyara dai ba shi da wannan sharaɗi. A hutun nan, ku nemi izinin Baba ko Yaya, ku buɗe murfin matatar janaretan gida bayan an kashe shi ya huce, ku ga halin da soson yake ciki. Ruwan wankin kuma kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, a tara shi a galan a kai wa makaniki.