Ƙarfen da ba ya manta siffarsa

Maƙeran Sabon Gari a Maraɗi sun san cewa idan ƙarfe ya lanƙwashe, sai wuta da guduma ke miƙe shi. Amma akwai wani gamin ƙarfe mai suna Nitinol, wanda ɗumi kaɗai ke mayar da shi siffarsa ta farko. William Buehler ne ya gano shi a shekarar 1959, a wata cibiyar bincike ta sojan ruwan Amurka.

Gamin nikel ne da titaniyom, kashi 55 cikin 100 na nauyinsa nikel ne. Yana narkewa a zafin digiri kusan 1300, amma ba a maƙera mai zugazugi ba, domin iska tana ɓata titaniyom. Sai a tanderun da aka zuƙe iskarsa. Awonsa kuma ba ya jure kuskure: ƙarin nikel kaɗan yakan sauya zafin da ƙarfen ke juyawa. Bayan narkarwa sai a ja shi ya zama waya, a ɗaure bisa siffar da ake so, a gasa a digiri kusan 500. Wannan siffa ce zai riƙe.

Da shi ake yin wayar daidaita haƙora, da ƙaramar raga mai buɗe jijiyar jini da ta toshe. Tsadarsa daga sarrafawa take, ba daga ma'adini ba. Nijar ta fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971, aka riƙa kai shi waje a ƙarasa sarrafa shi. Ya kamata ɗaliban makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa su lura: ribar ƙarfe tana hannun wanda ya mallaki awo da wuta.