Abin da ke sa tsohuwar a-kori-kura shaƙewa da harbi, da hanyar gano cutar kafin a kashe kuɗi

Duk wanda ya leƙa wuraren ajiye motoci na ma'aikatu da hukumomin tarayya a Abuja zai tarar da su jere: fararen Toyota Hilux da suka kwana biyu, waɗanda ake tura wa duk aikin da motar mai gida ba za ta yi ba. Su ke kai takardu da kayan aiki jihohi, su ke bin ayari, su ke shiga ƙauyukan Abaji da Kwali duba ayyuka. Wasu kuma sun koma hannun ma'aikata ta hanyar gwanjo, al'adar da ta yi ƙarfi tun 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus kuɗi, aka sayar da motocin gwamnati masu yawa. Can bayan gari, a kasuwanni irin su Dei-Dei da Gwagwalada, har yau akan ci karo da Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975.

Koken masu irin waɗannan motoci kusan iri ɗaya ne. A taka totur, maimakon mota ta zabura sai ta shaƙe kamar za ta mutu, ta yi fizga, sannan ta ɗauka. Wani lokaci kuma a ji ƙara kamar harbin bindiga daga salansa ko daga ƙarƙashin bonet. Ba abin wasa ba ne. Direban da ya fito zai wuce tirela a hanyar Lokoja ko ta Kaduna yana da daƙiƙoƙi kaɗan kafin mota ta taho daga gaba ko ta matso daga baya, kuma idan inji ya shaƙe a wannan gaɓar, rayuka ne ke kan siraɗi. Harbin da ke fita ta wajen shigar iska kuwa yana iya tayar da gobara.

Yadda abin yake faruwa

Injin fetur na bukatar abu uku su haɗu a kan lokaci: mai da iska gwargwado, tartsatsin wuta mai ƙarfi, da matsi a cikin silinda. Gwargwadon da ake nema shi ne kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. Idan iska ta rinjayi mai, cakudar ba ta saurin kamawa, takan ci gaba da ci har bawul ɗin shigar iska ya sake buɗewa, sai wutar ta koma baya ta fito ta kafireta. Wannan ita ce atishawar da ake ji a gaban mota, kuma yawanci tare take zuwa da shaƙewa. Idan kuwa mai ya yi yawa, ko fulogi ya kasa kunna shi, ɗanyen fetur ne ke gangarawa cikin salansa mai zafi, ya kama a can ya fashe.

Saboda haka tambayar farko da bakanike na ƙwarai zai yi ita ce: ta ina ƙarar ke fita, kuma yaushe? Da sanyin safiya ne ko bayan inji ya ɗauki zafi? Lokacin taka totur ne ko lokacin sakinsa a gangare? Amsar na rage rabin wahalar bincike. Duk wannan bayani ya shafi injin fetur ne. Mai amfani da dizal ba shi da fulogin tartsatsi, matsalolinsa daban suke.

A fara da mai

Mazauna Abuja ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumar kula da harkar mai ta NMDPRA ta tabbatar da cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, kamfanin NNPC kuma ya ce daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam aka yi lodinsa. Janye man daga kasuwa ya haddasa dogayen layuka na makonni, masu motoci da dama kuma suka koka da lalacewar inji. Darasin yana nan daram. Metanol na jan ruwa, yana cin roba da wasu ƙarafa, kuma ba ya ba da ƙarfi kamar fetur, don haka injin da aka saita wa fetur sai ya zama kamar ana ba shi mai a cokali.

Idan matsala ta fara jim kaɗan bayan shan mai, musamman na jarka daga 'yan bumburutu, a tsiyayo kaɗan daga tanki a zuba a kwalba mai garau a bar shi ya natsa. Ruwa da datti za su kwanta a ƙasa. Akwai kuma ɗabi'ar da tsada ta haifar tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023: yawo da tanki kusan wayam. A motocin da famfon mansu ke cikin tanki, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Famfon da ya saba aiki a bushe yakan yi rauni, ya iya ciyar da inji a tsaye amma ya gaza idan aka taka ko aka hau tudu. Gwajin matsin mai da agogon awo ne ke tabbatar da haka, ba saurare da kunne ba. Matatar mai da ta toshe ma irin alamar take bayarwa, ga ta kuma da araha.

Iska da wuta

Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, na toshe matatar iska ta shaƙe inji. A Hilux masu injekta, irin masu inji 3RZ da 2TR na lita 2.7, ƙura na iya lulluɓe na'urar auna iska, sai ta riƙa aika wa kwamfutar mota lissafin da ba daidai ba. Tiyon iska da zafi ya tsattsage, ko gaskit da ya saki, na shigar da iskar da ba a lissafa da ita ba. A masu kafireta, kamar 504 da Hilux mai inji 22R, akwai ɗan famfo da ke feso ƙarin mai daidai lokacin da aka taka totur. Idan robarsa ta mutu, mota za ta shaƙe a duk tashi, ko da komai nata lafiya lau.

Ta ɓangaren wuta, fulogi shi ne mashaidi. A kwance su duka a jera: baƙi mai toka na nuna mai ya yi yawa, fari fat na nuna ƙarancinsa, mai jiƙe da baƙin mai kuma na nuna inji ya fara gajiya daga ciki. A tsofaffin motoci a duba murfin distributa ko ya tsage, da wayoyin fulogi ko suna zubar da wuta, abin da ke tsananta da damina. Jerin kunnawar waɗannan injuna masu silinda huɗu shi ne 1-3-4-2, kuma sauya gurbin waya biyu bayan wani gyara ya isa ya sa mota harbi nan take. Saitin lokacin wuta ma da fitilar gwaji ake yin sa, ba da kirdado ba.

Waɗanda suka mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG, shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, su lura cewa gas ya fi fetur bukatar tartsatsi mai ƙarfi. Fulogi ko kwayil da ke lallaɓawa a kan fetur na iya tona asirinsa da zarar an juya zuwa gas. Idan harbin a kan gas kaɗai yake, wutar da saitin na'urar gas ɗin ne abin dubawa, a wurin da aka amince wa yin wannan aiki.

Kafin a buɗe inji

Sai an wanke mai, iska da wuta daga zargi sannan ake maganar ciki. Gwajin matsin silinda zai nuna ko bawul ya ƙone ko ya daina rufewa da kyau, ko sarƙar da ke daidaita motsin inji ta saki. Silinda ɗaya da ta yi ƙasa sosai da 'yan'uwanta ita ce mai laifi. Duk wanda ya ce a sauke inji ba tare da wannan gwaji ba, hasashe yake yi da kuɗin wani.

A garejin Apo, kamar ko'ina, akwai ƙwararru masu na'urar karanta kwamfutar mota, akwai kuma masu sauya kaya ɗaya bayan ɗaya har a dace. Jami'in da zai sa hannu a takardar biyan kuɗin gyara yana da haƙƙin tambayar abin da aka gwada, da sakamakon da aka samu, da kuma a dawo masa da tsohon kayan da aka cire. A yi hattara da shawarar fasa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Gaskiya ne idan ta toshe tana danne ƙarfin mota, amma sau da yawa ɗanyen man da ke kwarara cikinta ne ya narkar da ita, kuma cire ta ba ya warkar da tushen cutar. Tana da tsada a kasuwar bayan fage, shi ya sa wasu ke gaggawar ba da wannan shawara.

Idan fitilar gargaɗin inji ta koma ƙyaftawa, ko aka ji warin fetur tare da harbi, a sauka gefen hanya a kashe mota, kada a ce bari a ƙarasa. Kuma kafin a ɗora wa tsohuwar a-kori-kura tafiyar Lokoja, Kaduna ko Akwanga, a gwada ta da kaya a hawan tudu cikin gari, a tabbatar tukunyar kashe gobara na cikinta kuma wa'adinta bai ƙare ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.