Yara da Injin Masaƙa

Duk sa'ad da aka tayar da maganar farfaɗo da masaƙun Kakuri a Kaduna, sai ka ji mai sharhi a rediyo na cewa da zarar injuna sun tashi, yaran da ke gararamba a titi za su samu abin yi. Yara fa! Ana faɗa har da murna, sai ka ce ba a taɓa gwada haka ba.

An gwada a Ingila. A masaƙun Mancesta, 'yan shekara bakwai da takwas ke rarrafe ƙarƙashin inji yana gudu, suna tsince auduga, suna ƙulla zaren da ya tsinke. Inji ya datse yatsu, ƙurar auduga ta cika ƙirji, yaro ya girma da tari da gwamen ƙafafu.

A 1833 majalisa ta hana ɗaukar ɗan ƙasa da shekara 9 a masaƙa. Daga 9 zuwa 13 kuma awa 48 a mako, da karatun awa biyu kullum. Nan masu tarihin gaggawa ke tsayawa su tafa. Amma sufeto huɗu kacal aka naɗa wa ƙasar gaba ɗaya, kuma ta yaya sufeto zai san shekarun yaro? Ba a fara rajistar haihuwa ta gwamnati ba sai 1837. Likita ne ke duban tsawon yaro ya rubuta takarda, uban da talauci ya ishe shi kuwa ya rantse ɗansa ya kai. Makarantar ma sau da yawa suna ce kawai; sufetoci sun tarar da malaman da ba su iya sa hannu a takardar halartar ɗalibai ba. Sai da aka wajabta zuwa makaranta a 1880, ana bin gida-gida ana tambayar ina yaro, sannan abin ya fara lafawa sosai.

Mu ma mun ɗanɗana tun kafin injin ya dawo. A 2010 gubar dalma daga daka duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara.

To, mai girma kwamishina da ke shirin yanke zaren buɗe masana'anta, sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago nawa ne a jiharka, kuma suna da ko babur? A tura ma'aikatan Hukumar Ƙidaya ƙauyuka su rubuta haihuwa tun ranar suna, a kuma zuba malamai a azuzuwan firamaren da ke maƙwabtaka da masana'antun Sharaɗa, Bompai da Kakuri.