Me ya sa masana ke haƙa duwatsu domin farautar nutirino?

A ranar 26 ga watan Agustan 2025 masana kimiyya a lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin suka fara aiki da wata na'ura da suka shafe shekara goma suna ginawa a ƙarƙashin dutse, mita 700 daga doron ƙasa.

Na'urar, wadda ake kira JUNO, wata makekiyar ƙwallo ce ta roba mai tauri, garai-garai kamar gilashi. Faɗinta ya ɗan haura mita 35, an kuma cika ta da tan 20,000 na wani ruwa dangin mai, wanda ke yin ƙyalli idan wata ƙwaya ta bugi abin da ke cikinsa.

Ƙwayar da ake farauta sunanta nutirino. Duk da girman wannan tarko, abin da ake sa ran zai riƙa kamawa daga tashoshin nukiliyar da aka auna shi gare su bai kai ƙwaya ɗari a yini ba.

Amurka da Japan ma suna can suna gina nasu, kuma kuɗin da Amurka kaɗai za ta kashe ya haura dala biliyan uku.

Ƙwayar da ba ta tsayawa

Mutumin da ke tsaye a kasuwar Shuwarin da tsakar rana, ƙwayoyin nutirino kimanin biliyan 65 ne ke ratsa kowane wuri mai faɗin farce a jikinsa cikin sakan guda, dukkansu daga cikin rana suka fito. Rufin kwano ba ya tare su, haka ma duwatsun da suka kewaye Garu a birnin Dutse. Idan dare ya yi sai su riƙa ɓullo masa ta ƙarƙashin ƙafa, bayan sun ratso duniya daga ɗaya ɓangaren.

Dalili kuwa shi ne nutirino ba ta ɗauke da cajin lantarki, kuma da ƙyar take hulɗa da wani abu. Wolfgang Pauli ne ya fara hasashen samuwarta a 1930, amma sai a 1956 Frederick Reines da Clyde Cowan suka tabbatar da ita a gefen wata tukunyar nukiliya a Amurka.

Iri uku ce: mai alaƙa da ilektron, da mai alaƙa da miyon, da mai alaƙa da tawu. A ƙarshen shekarun 1960 wani masani mai suna Raymond Davis ya girke tanki ɗauke da tan 600 da ɗoriya na ruwan wankin tufafi a mahaƙar zinare ta Homestake da ke jihar Dakota ta Kudu, domin ƙirga waɗanda rana ke fitarwa. Kashi ɗaya cikin uku kawai ya samu na adadin da lissafi ya nuna. An yi shekara talatin ana jayayya, wasu na zargin na'urarsa, wasu na zargin lissafin.

Ashe dukkansu biyun daidai suke. Nutirino rikiɗa take yi a kan hanya, ta tashi a matsayin iri ɗaya ta isa a matsayin wani, shi kuma tarkon Davis iri ɗaya tak yake gani. Na'urar Super-Kamiokande ta Japan ce ta kawo hujjar wannan rikiɗa a 1998, sannan ta Sudbury da ke Kanada ta ƙarfafa ta a 2001 da 2002. A kan haka aka bai wa Takaaki Kajita da Arthur McDonald kyautar Nobel a 2015.

Rikiɗar ta nuna cewa nutirino tana da nauyi komai ƙanƙantarsa, saɓanin abin da babban tsarin ilmin ƙwayoyi ya ɗauka tun farko.

Sabbin na'urorin tambaya biyu suka sa a gaba. Ta farko, yaya jerin nauyin ƙwayoyin uku yake. Ta biyu ta fi nauyi: kowace ƙwaya tana da kishiya, idan suka haɗu sai su halaka juna su koma haske. Lissafi ya nuna ya kamata a ce adadinsu ɗaya a farkon samuwar sararin samaniya, amma abin da ake gani a yau, daga taurari har jikin ɗan Adam, na ɓangare guda ne. Idan aka gano nutirino da kishiyarta ba sa rikiɗa iri ɗaya, to an samu bakin zaren wannan bambanci.

Nisa ne farko

Kafin a sa diga a ƙasa, abin da masu tsara irin wannan aiki ke fara yankewa shi ne tazara. Rikiɗar tana hawa da sauka ne gwargwadon nisan da ƙwayar ta yi da kuma ƙarfin da take tafe da shi, saboda haka akwai wurin da canjin ya fi bayyana, kuma can ne dole a girke tarko.

An ajiye JUNO kilomita 53 daga tashoshin nukiliya na Yangjiang da Taishan, wato kimanin rabin tafiyar Dutse zuwa Kano, kuma nisanta da kowace tasha kusan ɗaya ne. Da farko a wani yanki kusa da tashar Daya Bay aka so gina ta, sai aka ji za a kafa wata sabuwar tasha a nan kusa wadda ƙwayoyinta za su dagula lissafi, aka tattara aka sauya wuri.

Shirin Amurka mai suna DUNE da kansa zai ƙera ƙwayoyinsa a cibiyar Fermilab kusa da Chicago, ya harba su kilomita 1,300 zuwa Dakota ta Kudu, nisan da ya zarce na Dutse zuwa Legas. Ba a buƙatar haƙa rami tsakanin wuraren biyu. Za a karkata bakin na'urar harbin ne cikin ƙasa da kusan digiri shida saboda lanƙwasar duniya, ƙwayoyin su bi ta cikin dutse abinsu.

Tarko biyu ake yi a irin wannan gwaji, ƙarami a kusa da wurin harbi domin a san abin da ya tashi, babba a can nesa domin a ga abin da ya iso. In ba a auna na farkon da kyau ba, duk abin da na biyun ya gani ba zai zama hujja ba.

Amfanin dutse

Tun da dutse ba ya tare nutirino, ana shiga ƙarƙashinsa ne domin ya tare sauran ƙwayoyi. Dare da rana wasu ƙwayoyi da ake kira miyon na zubowa daga sama, kusan guda ɗaya a kowane sakan a kan tafin hannu. Na'urar da aka bari a fili za ta cika da ƙyallinsu har a kasa tantance abin da ake nema, kamar mai sauraron raɗa a tsakiyar makera.

Mita 1,000 na dutsen da ke kan Super-Kamiokande na rage wannan hayaniya da kimanin ninki dubu ɗari. Na DUNE sun fi zurfi, kusan kilomita ɗaya da rabi, a tsohuwar mahaƙar nan da Davis ya yi aikinsa. An kammala haƙar kogunan a 2024 bayan an fitar da dutse tan 800,000, kuma kowane tanki zai ɗauki tan 17,000 na iskar argon da aka sanyaya har ta zama ruwa, digiri 186 ƙasa da sifiri.

Afirka ma tana da tarihi a nan. A 1965, a wata mahaƙar zinare kusa da Johannesburg mai zurfin sama da kilomita uku, tawagar Reines da masanan Jami'ar Witwatersrand suka shiga sahun farko wajen kama nutirinon da ke samuwa a sararin sama.

Duwatsun Dutse da na Birnin Kudu kuwa, duk da kwarjininsu, ba su da tsayin da zai ba da irin wannan kariya. Sannan irin dutsen nasu na giranet yakan ƙunshi ɓurɓushin yuraniyom, wanda shi ma ke fitar da tasa hayaniyar. Shi ya sa ko a Sin sai da aka nutsa ƙwallon JUNO cikin tafkin ruwa tsarkakakke mai zurfin mita 44, domin ya raba ta da bangon kogon.

Darasin 2001

Ƙyallin da nutirino ke haifarwa ya yi rauni ƙwarai, don haka ake jera dubban idanun gilashi a bangon tanki, kowanne kamar ƙaton ƙwan fitila mai faɗin rabin mita, wanda aka zuƙe iskar cikinsa.

A ranar 12 ga Nuwamban 2001, ana tsaka da mayar da ruwa cikin Super-Kamiokande bayan gyara, ɗaya daga cikin idanun da ke ƙasan tankin ya fashe saboda nauyin ruwa. Girgizar ta fasa na kusa da shi, su ma suka fasa na gaba, kafin ƙiftawar ido fiye da rabin idanu 11,000 sun tarwatse. Sai a 2006 na'urar ta koma cikakken ƙarfinta.

Tun daga lokacin kowane ido ake sa masa garkuwa, kuma masu JUNO sun yi hakan ga manyan idanunsu sama da 17,000. Japan na gina magajiya mai suna Hyper-Kamiokande, mai ɗaukar ruwa tan 260,000, wadda aka gama haƙar babban kogonta a 2025, ana kuma sa ran ta fara aiki a 2028.

Ina Najeriya?

Najeriya na da tukunyar nukiliya ta bincike a Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ta fara aiki a 2004. Ita ma tana fitar da kishiyar nutirino duk lokacin da aka kunna ta, amma ƙarfinta kilowat 30 da ɗoriya ne, alhali tashoshin da JUNO ke kallo sun ninka ta sau ɗaruruwan dubbai.

Gina irin wannan tarko ya fi ƙarfin kasafin kowace jami'a a ƙasar, har da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011. Sai dai yawancin masana sama da 1,400 da ke cikin DUNE ba haƙa suke yi ba. Aikinsu gwajin kayan aiki ne, da rubuta manhajar kwamfuta, da tace bayanai, kuma ta wannan ƙofa ce Jami'ar Antananarivo ta ƙasar Madagaska ta shiga cikin shirin.

A watan Nuwamban 2025 JUNO ta fitar da sakamakonta na farko daga bayanan kwana 59 kacal, inda ta auna biyu daga cikin ma'aunan rikiɗar da daidaiton da ya zarce na duk gwaje-gwajen baya. Amsar tambayar jerin nauyi kuwa, masu aikin sun ƙiyasta za ta ci kimanin shekara shida ana tara ƙwayoyi.