Kifin ƙarya mai nutsewa: tarkon giwan ruwa

Masuntanmu na Kogin Kwara, na tabkin Madarunfa da na Tabalak sun saba da birgi, kalli, gura da mamari. Amma akwai wani kayan su da ba kasafai muke ganin shi a kasuwanninmu ba, alhali a bakin teku kasuwarsa na ci. Shi ne kifin ƙarya mai nutsewa, wanda ya kamata ƴan kasuwa masu zuwa Kwatano da Lome su san shi.

Abin dogo ne kamar guntun sanda, na katako ko na roba mai ƙarfi, an yi masa ido da launin ƙaramin kifi. A cikinsa akwai dalma, a ƙasansa ƙugiya biyu ko uku. Ƙananan ba su wuce tsawon yatsa ba, manyan na teku kan haura giram 100. Sassaƙa kifin ƙarya tsohuwar sana'a ce: a 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa na farko, sunansa kuma ya zama tambarin kamfani. A yau kamfanonin Japan kamar Shimano da Daiwa na cikin masu ƙera irin mai nutsewa.

Yaya yake aiki? Masunci ya jefa shi nesa, ya ƙirga daƙiƙu har ya kai zurfin da yake so. Yana sauka a kwance yana karkarwa kamar kifin da ya ji ciwo. Sai a riƙa fizgar sanda ana tsayawa. Sau da yawa a lokacin tsayawar nan babban kifi ke kawo cafka.

A teku ana kama tuna da shi. Ruwan gishiri ya fi namu nauyi, don haka abin ya fi saurin nutsewa a kogi. Gishiri kuma na cin ƙarfe, dole a wanke shi da ruwan daɗi bayan kowane su.

A ruwanmu, giwan ruwa da tsage ne abokan harkarsa, domin da ido suke farauta. Giwan ruwa na iya wuce kilo 100, kuma mata masu suya sun san darajar namansa. Tarwaɗa kuwa ƙamshi take bi, karfasa tsiro ta fi ci, ba su cika kula shi ba. Da damina, in ruwa ya yi laka, kifi ba ya ganin shi sosai. Inda saiwoyi suka yi yawa kuma yana maƙalewa, kuɗi su tafi.

Ga mai son sarowa, shawararmu ita ce ya gwada shi cikin bokitin ruwa. Na ƙwarai a kwance yake sauka. A duba ƙugiya da zobe, a tabbatar waya ɗaya ta ratsa jikin daga kai zuwa wutsiya, in ba haka ba babban kifi zai ɓalle da rabi. A fara da kaɗan, domin sai da sanda da zare mai ƙarfi yake aiki, su ma kuɗi ne.

Amfaninsa babba shi ne ba kasafai yake taɓa ƴaƴan kifi ba. Raga mai ƙananan ido tana kwashe su kafin su girma, baɗi kuma mai tallar kifi ta rasa abin sa wa a tire. Duk dabarar da za ta ɗauki babba ta bar ƙarami ya hayayyafa, riba ce ga masunci da ƴar kasuwa baki ɗaya.